Yadda ake auna nauyin binciken malamin jami'a ta hanyar ambato da abokan aiki

Salamu alaikum jama'a. Satin da ya wuce wani ƙanena da ya gama masta ya kira ni daga Garwa cikin dare, wai yana son shiga dokta kuma malamai biyu ne a gabansa, ɗaya kullum ana ganinsa a wajen taruka an ba shi kujerar gaba, ɗayan kuma ko a fakalte ba a cika jin muryarsa ba, wai Yaya ta yaya zan san wanda bincikensa ke da nauyi da gaske? Nace masa ka bari sai gobe in rezo ya daidaita mu duba tare. Washegari mun kusa awa uku a waya, shi da kwamfutarsa ni da tawa a nan Ngaundare, da muka gama nace toh wannan abun ba shi kaɗai yake buƙata ba, akwai masu haɗa dosiye na ƙarin girma, akwai masu neman wanda zasu rubuta ma wasiƙa a waje, bari in rubuta shi yanda muka bi.

Abun ba baƙo bane a wajenmu in ka lura. A zaure ma ai ba da girman rawani ake sanin malami ba, ana duba wa ya karantar da shi, su wa suka yi karatu a gabansa, sannan in ana jayayya kan wata mas'ala sunan wa ake kawowa a ce wane ya faɗa. Boko ma haka suka yi, sai dai su sun mai da shi lissafi. Duk lokacin da wani mai bincike ya rubuta takarda ya sa sunan aikinka a jerin abubuwan da ya dogara da su, an ambace ka kenan sau ɗaya, masu Faransanci su ce sitasiyon. Wani Ba'amurke mai suna Eugene Garfield ne ya kawo shawarar a riƙa tattara wannan ambato tun 1955, a 1964 ya fito da Science Citation Index, wanda shine kakan Web of Science na yau. Scopus da Google Scholar kuma, su ma rumbunan tattara ambato ne, dukkansu a 2004 suka fito.

Kafin ka taɓa komai, buɗe Excel

Ka buɗe shafi ka yi layuka kamar haka: shekara, sunan takarda, mujallar da ta buga, yawan marubuta, na nawa ne shi a jerin, ƙasashen marubutan, yawan ambato. A can sama ka rubuta kwanan watan ranar da kake aikin, don lambobin nan motsi suke, abun da ka gani yau ba shi zaka gani bayan wata uku ba. Kuma ka riƙa ajiyewa duk bayan minti kaɗan, kowa ya san halin kuran, wato wutar lantarki, a lokacin zafi.

Mataki na farko, kuma shine mai cin rai: gano mutumin

Wallahi nan ne rabin aikin yake, kuma nan ne yawancin mutane suke faɗuwa. Su waɗannan rumbunan an gina su ne kan tunanin cewa kowa yana da sunan dangi guda ɗaya da baya canzawa, mu kuma namu sunan yanka ne da sunan uba, yau wannan a gaba gobe wancan. Mutum ɗaya zaka same shi a matsayin Oumarou A. a wata takarda, a wata kuma Aboubakar O., wata mujallar ta rubuta Mohamadou wata Mouhamadou wata Mohammadou, in ka tsallaka Kuseri zuwa Njamena kuma ga Mahamat da Abakar da Adoum birjik. Sunan jami'ar ma bai tsira ba, Ngaundare kaɗai ana rubuta ta Ngaoundéré, Ngaoundere, N'Gaoundéré, Njamena kuma da waƙafi ko babu.

Toh ga yanda zaka yi. Ka shiga Google Scholar ka rubuta author: ka bi shi da sunan a cikin alamar zance, ka gwada kowane irin rubutu da ka san ana yi ma sunan, sannan ka juya shi na baya ya dawo gaba. In yana da shafin kansa zai fito a sama. Ka duba ko an tabbatar da imel ɗin jami'a a shafin, sannan ka gangara ka karanta sunayen takardun ɗaya bayan ɗaya, kar ka yi kasala. Dalili kuwa, in mai shafi ya bar shi yana ƙara takardu da kansa, Google yakan kwaso aikin duk wani mai irin sunan ya zuba masa. Na taɓa ganin shafin wani malamin ilimin ƙasa da takardun tiyatar ido a ciki, har sune suka fi kawo masa ambato, shi kuma bawan Allah inaga ko sani bai yi ba. In ka ga takarda ta yi hannun riga da fannin mutum, buɗe ta ka duba adireshin marubucin.

Abun da ke raba wannan gardama shine ORCID, lamba ce mai gurbi 16 da aka fara bayarwa a 2012, kyauta, ta mutum ɗaya ce har abada ko ya canza jami'a ko ya canza yanda yake rubuta suna. In wanda kake bincika yana da ita ka huta. In kai ne mai binciken kuma baka da ita, dan Allah ka ajiye karatun nan ka je ka buɗe, minti biyar ne. ’Yan'uwa mata da wasu takardunku suka fito da sunan uba wasu da sunan miji, ku kun fi kowa buƙatarta.

Na biyu: kar ka sha daga rijiya ɗaya

Google Scholar kwashi-kwaraf yake yi, takardar mujalla, tez wato kundin dokta, memuwar wato kundin masta, rahoto, babin littafi, komai ya gani a intanet mai kama da rubutun ilimi zai ƙirga. Shi yasa lambarsa kusan kullum ta fi ta sauran girma. Scopus na kamfanin Elsevier da Web of Science na Clarivate su kuma zaɓe suke, mujallun da suka amince da su kawai suke ƙirgawa, kuma mafi yawansu na Turanci ne. Na kuɗi ne, amma Scopus yana da ƙofar kyauta da ake kira Scopus Preview, zaka iya neman sunan marubuci ka ga yawan takardunsa da ambato da ma'aunin h, wanda bayaninsa ke zuwa a mataki na uku. Ka tambayi mai kula da laburare ko kuna da rajistar Research4Life, shirin da ke buɗe ma ƙasashe masu tasowa mujallun kuɗi, wata sa'in akwai ta amma ba wanda ya taɓa tambayar kalmar sirrin. Sai OpenAlex, wanda aka buɗe a farkon 2022 bayan Microsoft ta rufe nata rumbun, shi kyauta ne.

Mu da muke rubutu da Faransanci dole mu ƙara da rumbunan Faransa irin su HAL, da Cairn, da Persée, da OpenEdition, sannan AJOL wanda tun 1998 yake tara mujallun Afirka. Waɗannan ba don ƙirga ambato zaka je ba, don cike jerin takardun ne, ka tabbatar ba abun da ya ɓace. In mutumin yana da CV a fili ka gwada shi da jerin da ka haɗa.

Kuma dai kar ka haɗa lambar Google da ta Scopus ka ce jimla, abu ɗaya ne aka ƙirga sau biyu. Kowace ka ba ta layinta. In zaka gwada mutum biyu, ka gwada su a rumbu ɗaya a rana ɗaya, ba a auna ma wannan gero da mudun Marwa a auna ma wancan da koro na Njamena sannan a ce wane ya fi.

Akwai wata manhaja ta kyauta, Publish or Perish, wata farfesa Anne-Wil Harzing ce ta fito da ita a 2006. Ka sa suna, ta jawo takardun daga Google Scholar ko wasu rumbunan, ka cire alamar waɗanda ba nasa ba, ta sake lissafin nan take, ka fitar zuwa Excel. Sai dai in ka cika tambaya a jere Google zai tsayar da kai ya ce ka tabbatar kai mutum ne, ka ɗan huta ka sha shayi ka dawo.

Na uku: lissafin ma'aunin h da hannu

Wani masanin kimiyyar fiziks a San Diego, Jorge Hirsch, shi ya kawo shi a 2005. Ka jera takardun daga mai yawan ambato zuwa mai ƙaranci, ka ba su lamba 1, 2, 3, sai ka gangara har inda lambar layin ta fi ambaton takardar yawa, ka tsaya ka koma baya taki ɗaya, wannan shine h.

A ce malami yana da takardu 12, ambatonsu kuma 48, 31, 17, 12, 9, 6, 6, 3, 2, 1, 0, 0. Ta shida tana da 6, ta tsallake. Ta bakwai tana da 6 alhali ana neman 7, bata kai ba. Kenan h ɗinsa 6 ne, wato yana da takardu shida da kowacce aka ambata aƙalla sau shida. Jimlar ambatonsa 135. Wancan da Google ke nunawa a gefe mai suna i10, yawan takardun da suka kai ambato 10 ne kawai, a nan 4.

Kaga amfanin h shine baya barin takarda ɗaya tal ta ɗaga mutum sama, kuma baya barin tarin takardun da ba wanda ya karanta su ɗaga shi. Aibinsa kuma, baya taɓa sauka. Wanda ya daina bincike shekara goma h ɗinsa yana nan, har ma ƙaruwa yake yana barci. Don haka ka yi abu biyu. Ka raba h da yawan shekarun da suka wuce tun takardarsa ta farko: mai h 6 a shekara 12 ya samu 0.5, mai h 6 a shekara 4 ya samu 1.5, ai ba ɗaya suke ba. Sannan ka duba layi na biyu a shafin Google, wanda ke nuna na shekaru biyar na baya-bayan nan. Ga ɗalibi mai neman wanda zai duba masa tez, wannan layin ya fi na farkon muhimmanci nesa ba kusa ba, don kai mai aiki yanzu kake nema ba wanda ya yi tashe lokacin kana firamare ba.

Na huɗu: buɗe buhun ka ga abun da ke ciki

Nan ne nake so ka daɗe, don wanda ya tsaya a mataki na uku bai auna komai ba, lamba kawai ya karanta. Ka ɗauki takardunsa biyar da suka fi ambato, ƙarƙashin kowacce akwai wajen da aka rubuta "Cité ... fois" da lamba a tsakiya in Google ɗinka na Faransanci ne, ka danna, jerin waɗanda suka ambace shi zai fito. Sai ka raba su kashi uku: shi da kansa, abokan rubutunsa da ɗalibansa, sai bare waɗanda ba su da wata alaƙa da shi.

Ambaton kai ba laifi bane in aiki ne ake ɗorawa kan na baya, wanda ya shekara goma yana bin dawar rani ta muskuwari a ƙasar laka ta karal dole ya koma ma abun da ya rubuta bara. Amma in ka ga takarda mai ambato 17, goma sha biyu daga ciki shi ne, toh ka san me ake ciki. Scopus da Web of Science suna da wajen cire ambaton kai, Google bashi da shi, da hannu zaka yi. A misalinmu na sama, a ce bayan cirewa lambobin sun koma 44, 29, 11, 10, 5, 4, 3, kaga h ya sauko zuwa 5. Saukar taki ɗaya ba komai bane. In daga 12 ya faɗo zuwa 5 kuwa, magana ta canza.

Wanda ya fi wuyar kamawa shine ba ni gishiri in ba ka manda, wato mutum huɗu ko biyar su haɗa kai, kowa ya rubuta takarda sai ya jero na sauran ko da ba abun da ya haɗa su da maganar. Alamarsa, zaka ga sunaye iri ɗaya suna ta dawowa, a mujallu iri ɗaya, kuma in ka buɗe takardar zaka tarar an cusa ambato takwas a ƙarshen jimla ɗaya a gabatarwa ba tare da an ce komai a kansu ba. Shi yasa nake cewa ka buɗe aƙalla goma ka nemi sunan a ciki ka karanta jimlar. An yi amfani da hanyarsa ne? An ɗauki alƙalumansa an ɗora? An ƙaryata shi ne? Don na'ura bata san bambancin yabo da zagi ba, duk ɗaya take ƙirgawa. Takardar nan ta 1998 a mujallar Lancet da ta alaƙanta allurar rigakafi da cutar otizim, an janye ta a 2010, amma ta tara ambato mai yawa, da yawansu masu ƙaryata ta ne. Ka sa sunan wanda kake bincika a rumbun Retraction Watch ma, kyauta ne, ka ga ko an taɓa janye masa takarda.

In kana ganin kamar Google ba zai ruɗu ba, a 2010 wani malamin kwamfuta a Grenoble ta Faransa, Cyril Labbé, ya ƙirƙiri masanin bogi ya sa masa suna Ike Antkare, ya sa manhaja ta rubuta takardun shirme wajen ɗari suna ambaton juna, ya zuba a intanet. Mutumin da babu shi a duniya ya samu h na 94.

Sai maganar mujalla. Akwai masu karɓar kuɗi su buga komai cikin kwana uku ba wanda ya duba, kullum suna turo imel suna kiran ka fitaccen farfesa ko da kana shekarar farko ta masta. Wani ma'aikacin laburare a Amurka, Jeffrey Beall, ya riƙa jera sunayensu har ya rufe jerin a farkon 2017. Yanzu hanya mafi sauƙi, ka nemi sunan mujallar a Scimago, wanda ke raba mujallun Scopus gida huɗu daga Q1 na sama zuwa Q4 na ƙasa, ko a DOAJ mai jera mujallun da ake karantawa kyauta, ko AJOL. Rashin samunta a can ba hujja bane cewa ta bogi ce, mujallun fakalte namu da yawa na kirki ne basu shiga ko'ina ba, amma sai ka duba su waye editocin kuma ko ana ba masana su tantance kafin a buga. Shi kuma impak fakta da ake ta taƙama da shi, na mujalla ne ba na mutum ba, matsakaicin ambaton da takardunta na shekara biyu da suka wuce suka samu ne. Takarda na iya fitowa a babbar mujalla ba wanda ya kula ta. Sanarwar San Francisco da ake kira DORA, wadda ta fito a 2013, abun da ta hana kenan, a auna mutum da sunan mujalla.

Na biyar: fanni da fanni

Wannan gajere ne. Likitoci da masu ilimin halittu suna rubutu da yawa, suna ambato da yawa, kuma da sauri. Masu lissafi a hankali suke. Masu tarihi da adabi littafi suke rubutawa, littafi kuma rumbunan nan basu iya ƙirga shi da kyau ba. Marigayi Eldridge Mohammadou da ya yi rayuwarsa yana tattara tarihin Garwa da Rai Buba da masarautun Adamawa daga bakin dattawa, ba mai rubuta tarihin arewacin Kamaru ya tsallake shi, amma aikinsa littattafai ne da Faransanci da Fillanci, wasu ma a Tokyo aka buga. In da Scopus zaka auna shi ka zalunce shi. Toh ka nemo mutum uku ko huɗu a fanni ɗaya, da suka fara a kusan lokaci ɗaya, a irin yanayi ɗaya, da su zaka gwada. Mai aiki a labo, wato ɗakin gwaji, da sinadari ke shekara kafin ya iso ba a jera shi da na Montpellier ta Faransa.

Na shida: su wa yake aiki da su

Yanzu ka koma Excel ɗinka, layukan yawan marubuta da matsayi da ƙasa. Fara da matsayi. A likitanci da noma da ilimin halittu, na farko shine wanda ya yi ainihin aikin, na ƙarshe yawanci shine shugaban labo da ya jagoranta, na tsakiya kuma kowa da gudummawarsa, daga mai yawa har wanda aka sa don kunya. A lissafi da tattalin arziki kuwa bisa haruffa ake jerawa, kaga mai suna Abba kullum yana gaba, kar wannan ya ruɗe ka. Ka duba kuma wanda aka sa ma tauraro da imel, shine mai magana da mujalla. Yawancin mujallu yanzu suna sa ɗan sakin layi a ƙarshe da ke faɗin wa ya yi me, ka karanta shi.

Ka ƙirga: sau nawa ya zo na farko, sau nawa na ƙarshe, sau nawa tsakiya. Matashi ya kamata a gan shi a farko. Babba kuma a gan shi a ƙarshe, ɗalibansa a farko. In farfesa ne amma kullum shine na farko a takardun da suka fito daga tez ɗin ɗalibansa, kai ɗalibi ka yi tunani tun kafin ka sa ƙafa.

Sannan ka raba. Takarda mai marubuta huɗu kowa ya samu kashi ɗaya cikin huɗu, mai 20 kowa ɗaya cikin 20. Ba adalci bane ɗari bisa ɗari amma yana buɗe ido, musamman yanzu da ake manyan binciken lafiya masu ɗaruruwan sunaye. A 2015 an buga wata takardar fiziks daga cibiyar binciken CERN ta Turai mai marubuta 5,154, kowannensu kuma Google zai ba shi cikakken ambaton kamar shi kaɗai ya rubuta. In ka ga rabin ambaton mutum daga irin wannan takarda ɗaya ya fito, cire ta ka sake lissafi ka ga abun da ya rage.

Sai ka raba takardun gida-gida: shi kaɗai, da ’yan sashensu, da wasu a cikin ƙasa kamar cibiyar binciken noma ta IRAD ko labo ɗin dabbobi na LANAVET ko Yawunde, da wasu ƙasashen Afirka kamar Maiduguri ko Njamena ko Yamai, sai da Turai da sauran duniya kamar cibiyoyin binciken Faransa IRD da CIRAD. Takardun da aka yi da ’yan waje sun fi jawo ambato, wannan sananne ne, amma abun tambaya a wane matsayi ya shiga. Akwai irin aikin da baƙi zasu zo, ɗan gida ya kai su ƙauye, ya yi tafinta, ya ɗebo jini ko ƙasa, ya sha ranar watan Afrilu, su koma su rubuta, sunansa ya fito na tara ko ma a wajen godiya kawai, kura da shan bugu gardi da karɓar kuɗi. Kowa ya san Tumai, ƙoƙon kan da aka tono a hamadar Jurab ta Chadi a watan Yuli 2001, ɗan Chadi Ahounta Djimdoumalbaye ne ya fara ganinsa, takardar ta fito a mujallar Nature a 2002 da marubuta fiye da 30, sunansa yana ciki tare da wasu ’yan Chadi, amma in ana ambato sunan na farko kawai ake rubutawa a ce Brunet da sauransu. Haka tsarin yake, shi yasa dole ka buɗe jerin sunayen gaba ɗaya.

Alamar haɗin gwiwa mai lafiya, zaka ga sunaye ɗaya suna dawowa shekara da shekaru, matsayi yana juyawa yau wannan a farko gobe wancan, kuma ɗaliban nan gida suna shiga ciki. Ga ɗalibi wannan kuɗi ne a zahiri, don malamin da ke da irin wannan alaƙar shine zai iya tura ka wata uku wani labo ka yi gwajin da ba a iya yi a nan.

In kana son ganin abun a zane, akwai VOSviewer daga jami'ar Leiden ta Holan, kyauta, amma sai kwamfutarka tana da Java. Ka fitar da jerin daga Scopus a matsayin CSV ko ka bar shi ya jawo daga OpenAlex, ka zaɓi taswirar marubuta tare, zai zana maka kowa a matsayin ɗigo, zare yana haɗa waɗanda suka yi rubutu tare, kowane gungu da launinsa. Ka kula, matsalar sunayen nan zata biyo ka har nan, mutum ɗaya zai fito ɗigo uku, sai ka haɗa su da ɗan fayil ɗin da ake kira tezorus. In takardun basu wuce 30 ba gaskiya biro da takarda sun ishe ka. Abun nema shine, shin gungu ɗaya yake ciki a kulle, ko shine zaren da ya haɗa gungu biyu uku da in an cire shi zasu rabu.

Na bakwai: abun da na'ura bata gani

Dawa S35 da ta bazu a arewacin Kamaru da Chadi tun shekarun 1980, manomin da ya shuka ta bai taɓa ambaton kowa a mujalla ba. Takardar bayani ga malaman gona, shirin rediyo da Fillanci ko Hausa, rahoton da Hukumar Tafkin Chadi ko wata ma'aikata ta yi aiki da shi, ɗaliban da suka gama a hannunsa suna ina yanzu, duk wannan sai dai ka tambaya da baki ka ƙara masa layi a Excel. Masu haɗa dosiye na ƙarin girma kuma, ko na kwamitin CCIU a Kamaru ko na majalisar CAMES da ’yan'uwa na Chadi ke bi, ku nemi ƙa'idojin shekarar ku karanta da kanku, don kwamiti yana da abun da yake ƙirgawa, ba lallai ya zama abun da Google ya nuna ba.

Shi dai ƙanena, da muka gama, mai zuwa taruka ya fi yawan ambato a jimla amma kusan duka tsofaffi ne kuma daga wata takarda mai tarin sunaye, mai shirun kuma lambarsa ƙarama ce sai dai a shekaru biyar ɗin nan ɗalibansa uku sun fito na farko, kuma akwai wasu bare daga Najeriya da Burkina da suka ɗauki hanyarsa suka yi aiki da ita. Na ce masa kar ya yanke tukuna, ya nemo lambar waɗancan ɗaliban ukun ya tambaye su wata nawa malam yake riƙe babi kafin ya dawo da shi. Yace ranar Litinin zai hau mota ya taho, wai in tanadar masa katifa.